Azumin da Na Cinye Shinkafar Minista

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa a ƙarshen damina, ruwan kuma ya ɗauke da wuri. Da la'asar in na zauna a bakin ƙofa, iskar da ke tasowa daga gonakin bayan gari ba ta zuwa da ƙamshin kaka, sai warin karan da ya bushe a tsaye. Yara na ta wucewa da kwanukan ciyayya a ka, daga wannan gida zuwa wancan. Rabona da ganin azumi da fari sun haɗu a wata ɗaya shekara talatin da 'yan kai ke nan. Shi ya sa kwanan nan Laraba ba ta fita raina.

In na ce wa matan unguwarmu ina da ƙawa minista a ƙasar Indiya, sai su kalli juna su ce, "Allah sarki Inna Asabe, tsufa ya fara taɓa ta." Da can nakan harzuƙa. Yanzu sai in bar su da dariyarsu, don ni na san shinkafar wa na cinye.

Ni 'yar Tungan Magajiya ce. Da Dukanci na tashi, Hausa kuwa a gidan miji na ƙarasa koyonta, har yau in raina ya ɓaci harshen yakan koma gida. Mijina Garba shi ne direban babbar motar wata makarantar kwana a nan Kontagora, lokacin Sakkwato ce hedikwatarmu, ba a yi jihar Neja ba. Gidanmu ne na ƙarshe a layi, bayansa gonata, gefensa wayar da ta kewaye gidajen malamai. Na haihu sau biyu, duk ba su zauna ba. Iyayena ba su yi salla ba, ni ce na musulunta kafin aure, kuma matan layinmu ba su taɓa mantawa da wannan ba. Gaisuwa dai suna yi min, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma in na aika da tuwo, sai in hango shi a gaban yara ko a gaban awaki. Ga shi kuma ina fita noma da kaina, abin da su ba sa yi. Shekara huɗu ina layin, ba wadda ta taɓa sa hannu a kwanona.

A shekarar nan sau biyu na yi shuka. Ta farko rana ta ƙone ta tun tana kunnuwa biyu. Ta biyu ta tashi, na yi noman farko, na yi maimai, dawa ta yi kore shar har na fara lissafin dammuna. Tana fara ciki sama ta rufe. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, tsuntsaye su yi shiru, mu kwashe shanya, sai iska ta taso ta watse shi ba ko ɗigo. An fita roƙon ruwa, an dawo da ƙura a goshi. Ganyen dawa ya nannaɗe, ƙasa ta tsattsage har ina iya zura yatsa. Makaranta ta kasa ciyar da ɗalibai ta sallame su. Aka tura Garba Sakkwato jigilar hatsin agaji, ya ce mako biyu zai yi, sai da ya yi wata uku.

Gidan malamai na kusa da wayarmu wani Ba'indiye ne a ciki, malamin lissafi, da matarsa. Doguwa ce siririya, da jan ɗigo a goshi, da zane ɗaya mai tsawo da take naɗewa har kafaɗa. Sunanta ya fi ƙarfin bakina, sai na tambaye ta ranar da aka haife ta, muka yi ta ƙirga da yatsu har muka tsaya a Laraba, sunan ya bi ta. Farkon ganina da ita na zaci tana da taɓin hankali. Tsaye take a bayan gidansu ta fuskanci dawata, tana ɗaga hannu tana zuba magana da yarensu, murya har bakin hanya. Da ta gan ni sai ta rufe baki tana dariya. Daga baya, da Hausarta ta ɗan yi ƙwari, na fahimci labarin. A garinsu ta taɓa jan mata zuwa ƙofar hukuma kan tsadar abinci, har aka kwana da ita a wajen 'yan sanda. Surukinta ya ce wannan abin kunya ne, ya nemo wa ɗansa aiki a nesa don ta huce.

"Asabe, can mutane dubu suna ji ni," in ji ta. "Nan dawa kawai."

"Dawar ma tawa ce," na ce, "ki rage mata tsawa, ƙishi take ji."

Ni na koya mata Hausa ta cikin waya, da irin karyewar harshena, ita kuma ta koya min baƙin boko a ƙasa da tsinke. Da aka rufe makaranta, malamai suka watse, mijinta ma aka kira shi Sakkwato wani aikin jarrabawa. Ya bar mata rabin buhun shinkafa da gwangwanin wake. Duk faɗin gidajen malaman nan ita kaɗai ta rage. A namu ɓangaren kuwa mutane na nan cike, amma ni ɗin dai ni kaɗai ce.

Ana ganin watan azumi, shanu suka fara gangarowa daga arewa, garke bayan garke, haƙarƙari a waje, masu su na bin su a baya da idanu a zurme. Wadda ta faɗi a hanya a yanka ta nan take. Nama ya zube a kasuwa, hatsi kuma ya ɓuya. Za ki zagaye rumfunan masu awo ki ga kwanuka a kife, ki juya ki ga mahauta na roƙon mutane su ɗauka. Nono ya ɓace ƙaf, don shanun ko 'ya'yansu ba sa iya shayarwa. Ban taɓa ganin shekarar da talaka ya gaji da nama yana mafarkin tuwo ba sai wannan.

Azumin ya yi zafi. Kafin azahar leɓe ya tsage, rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu, abin da guga zai kawo ma rabinsa laka. Nakan tashi in share gida, in je gona in tsaya ina kallon abin da ba zan iya yi masa komai ba, in dawo in kwanta a kan tabarma ina jin ƙarar kwanon rufi yana ƙas-ƙas. Amma ba yunwa ce ta fi ci min rai ba. Lokacin da ya fi min nauyi shi ne gab da magariba, in na ji yara na sallama a gidajen maƙwabta, "Wai ga shi in ji Inna," su wuce ƙofata. Ina son in samu wanda zan aika wa ya ci.

Ran uku ga wata na dafa naman sa da daddawa da barkono, ya yi laushi har yana rabuwa da ƙashi. Na zuba a kwanona mai fure, wanda na zo da shi gidan aure, na miƙa wa Laraba ta saman waya. Ta buɗe, ta tsaya. Na ga fuskarta ta canza, sai na ɗauka daɗi ne ya kama ta.

"Ciyayya ke nan," na ce mata, ina ji da kaina kamar malama. "Haka maƙwabta ke yi da azumi. Amma ki sani, ba a mai da kwano wayam. Ko me kike da shi sai ki ɗan sa a ciki."

Ta gyaɗa kai. Ba a jima ba ta dawo da kwanon a wanke, cike da shinkafa da wake, da wani ɗan yaji mai ƙamshi a kai. Rabona da ƙwayar shinkafa tun ƙaramar sallar bara. Na zauna na cinye tas, har na suɗe.

Washegari na sake kai mata. Jibi ma haka. Ta ce ita ma ta shiga nata azumin na kwana tara, sau ɗaya take cin abinci a yini, sai na ƙara yawan naman don kada ta galabaita. Na san Musulmi ba ya cin alade, na san akwai mai ƙin kifi, akwai mai ƙin zomo. Amma a ce akwai ɗan Adam a doron ƙasa da ba ya cin naman sa, wannan ko a mafarki bai zo min ba. Kullum in tambaye ta, "Ya yi daɗi?" Ta ce, "Na gode, Asabe, na gode ƙwarai." Na yi ƙiba a azumin nan, Allah ya yafe min. Ita kuwa awarwaronta na ta gangarowa har tsintsiyar hannu, ina cewa zafin garinmu ne bai karɓe ta ba.

Ran ashirin ga wata na miƙa mata kwano, sai akuyata ta tsinke ta bi ta bayan gidajen malamai. Ina bin ta na hango Laraba. Ta naɗe hannunta da tsumma ta riƙe kwanon nesa da jikinta, ta kai shi gindin wata tsamiya inda matan makiyaya suka sauka, ta juye musu a ƙwarya. Ta dawo bayan ɗakin girki ta goge kwanon da toka sau uku, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta ɗebi ruwa, a irin wannan tsadar ruwan, ta sheƙa a kanta.

Zuciya ta ɗebe ni. Ashe ita ma haka take. Matan layinmu ko ba komai ba sa wanka in sun taɓa kwanona. Da ta zo bakin waya da shinkafa na fizge kwanon na kife shi a ƙasa a gabanta.

"Ke ma ƙyamata kike yi?" na ce. "Wa ya gaya miki ni 'yar arna ce? To ke 'yar su wa ce, da kike yi wa gunki turare?"

Na faɗa da Hausa na ƙarasa da Dukanci. Ta buɗe baki za ta yi magana, Hausar ta ƙi zuwa. Na juya na shige ɗaki. Kaji suka cinye shinkafar.

Kwana biyar ban leƙa wayar ba. Na sha ruwa ni kaɗai, na yi kuka ni kaɗai, kuma a kwanakin nan ban yi magana da kowa ba in ban da mai nama. A rana ta shida ina shanya sai na lura hayaƙi bai tashi a ɗakin girkinta ba. Na tuna jiya ma ban ga ya tashi ba. Na ce ina ruwana, na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Can dai na tattare zane na ratsa ta ƙarƙashin wayar, ta yage min kafaɗa.

A kwance na same ta a siminti, idonta biyu. Na duba ɗakin girki. Buhun shinkafa a ninke yake a kan kantar ɗakin, gwangwanin wake ko ƙwaya babu. Ta je kasuwa sau biyu, ba ta samo komai ba sai nama. Kwana uku ruwa da sukari take sha.

"Ina shinkafar da mijinki ya bari?" na ce.

Ta kalle ni, ta kalli cikina. Ai kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ta yi min bayani. Su ba sa cin nama ko wane iri. Saniya kuwa uwa ce a wurinsu, mai ba da nono, ko taɓa namanta ba sa yi. Ba hannuna take wankewa ba, naman take wankewa.

"To don Allah me ya hana ki faɗa tun ranar farko?"

"Garin nan duka, ke kaɗai kina kawo mini abu," in ji ta. "In na ce ba na ci, ba za ki zo ba kuma."

Rashin sani ya fi dare duhu. Kwana goma sha bakwai ina kai mata abin da ba za ta iya ci ba, ina karɓe abin da za ta rayu da shi, kuma ni na kafa mata dokar da bakina.

A ɗakina akwai wani gora da na toshe da toka na rataye a jikin azara. Irin wake ne, fari mai baƙin ido, wanda uwata ta ba ni daga Tungan Magajiya. A wurinmu wanda ya ci iri ya ci baɗi, ko yunwa za ta kashe yara ba a taɓa shi. Na sauko da shi na tsaya riƙe da shi na ɗan lokaci, ba zan ce ban yi jinkiri ba. Sannan na ratsa waya na dafa a tukunyarta, don tawa duk nama ya taɓa su. Na zauna ina ba ta da cokali, bakina da azumi, ƙamshin na hawa min kai. Baɗin sai wake na kasuwa na shuka, bai taɓa yin irin na uwata ba.

Sauran kwanakin tare muka yi su. Da sanyin safiya mu bi fadama muna tsinkar tafasa da rama, ta riƙe ƙwarya ni ina nuna mata wanda ake ci. Na koya mata kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ta ce wannan ya fi shinkafa, na ce ƙarya dai ba kyau ko a addininku.

Ana saura kwana uku salla hatsin agaji ya iso. Aka ce magidanta za a ba, kowane mai gida ya zo ya karɓa wa iyalinsa. Na je aka ce ina mai gidanki, na ce yana Sakkwato, shi ya tuƙo ma hatsin ta yiwu. Aka ce in jira ya dawo. Na zo na gaya wa Laraba ina share hawaye, sai na ga idonta ya yi wani irin haske da ban taɓa gani ba. Ta ɗauko takarda da biro. Yini guda muka yi muna bin gidaje, ni ina magana ita tana rubuta sunaye: zawarawa, matan sojoji, matan 'yan cin rani, matan makiyayan gindin tsamiya, har da biyu daga matan layinmu. Washegari ta jera mu a ƙofar ofishin rabon, ta ce kada wadda ta yi ihu, kada wadda ta tafi. Muka zauna a rana tun hantsi, da azumi. Ita tana tsaye, da ƙyar ƙafafunta ke ɗaukarta, tana karanta sunayen da ƙarfi, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Kafin la'asar babban jami'in ya fito yana goge zufa ya ce a auna mana. A ranar na gane abin da take yi wa dawata.

Shekarar da aka yi jihar Neja suka koma ƙasarsu. Wasiƙunta na zuwa, da Hausar boko mai karkace irin tawa. Ta tsaya takarar kansila ta ci. Ta nemi majalisa ta faɗi, ta ce surukinta har sadaka ya yi don murna. Ta sake nema ta ci. Jam'iyyarsu ta sha kaye, ta yi shekaru a adawa tana faɗa a kan rumbunan gwamnati da katin rabon abinci, wai dole a rubuta shi da sunan mace. Sannan wata rana hoto ya zo, tana tsaye da furanni a wuya, gashi ya fara fari. An naɗa ta ministar abinci a majalisar ministocin jiharsu, don su can jiha ma ministoci gare ta. Na zaga da hoton gida-gida kamar ni aka naɗa.

Daga nan wasiƙun suka gajarce. Suka koma Turanci, bugun keken rubutu, da sa hannu a ƙasa. Sai kati sau ɗaya a shekara, sai shiru. Ban ga laifinta ba, mai jama'a a kai ba ta da lokacin wata Asabe. Amma ya yi min ciwo, kuma girman kai ya hana ni ci gaba da rubutawa. Garba ya rasu ban gaya mata ba.

Makon jiya na je sayen maganin ciwon gwiwa a wajen wani Ba'indiye da ya daɗe a garin nan, wanda nakan tambaya labarinta. Ya ce, "Mama, ƙawarki ta sauka. An yi zaɓe, sun faɗi, ita ma kujerarta ta tafi. Mijinta kuma ya mutu bara." Na dawo gida na kasa zama. Na san yadda gida yake in motoci suka daina tsayawa a ƙofa, ko ban taɓa mulki ba. Na koma na ce ya nemo min ita ko ta halin ƙaƙa.

Shekaranjiya da hantsi ya aiko a kira ni. Ya buga a wayarsa ta hannu, ya yi magana da yarensu, ya miƙo min. Na ji numfashi, sannan muryar tsohuwa.

"Asabe?"

"Laraba!"

Na fara zuba mata labari, Garba, da gwiwata, da ruwan bana. Na yi nisa kafin in gane ba ta bi na. Shekara talatin ba ta da wanda za ta yi Hausa da shi, ta zube mata. Ni kuma ba Turanci, ba yarensu. Mai maganin ya miƙo hannu zai yi mana tafinta, na ture shi.

"Ina kwana?" in ji ta a hankali.

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina labari?"

"Sai alheri," na ce, hawaye na zuba a kan wayar mutane.

Iyakar abin da ya rage mata ke nan. Da ta kai ƙarshe ta koma farko, ni ma na tambaye ta, ta ce lafiya lau. Sau huɗu muka zagaya gaisuwar nan, ba wadda take son ajiyewa. Can ta tsaya laluben wata kalma, har na zaci layin ya yanke.

"To, Asabe," ta ce, "sai an jima."

Ni da ita duk mun san ba za mu sake ganin juna ba a duniyar nan. Ban gyara mata ba.

"To, Laraba," na ce. "Sai an jima."